Tuwo da Miya: Daidaita Girkin Gida da Tsarin Rage Sitaci ga Mai Ciwon Sukari

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda za a sarrafa abincin da aka saba girkawa a gidan Bahaushe ya dace da mai ciwon sukari, ba tare da an ɗora masa tukunya ta dabam ba. Za mu taƙaita bayaninmu ne a kan nau'i na biyu na ciwon, watau wanda ya fi kama manya, domin kimanin kashi 90 cikin 100 na masu ciwon shi ke gare su. A ƙiyasin da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a 2021, manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna da shi ba.

2.0 Sunan Ciwon da Ruɗanin da Ya Jawo

Sunan da muka laƙaba wa wannan ciwo shi ne farkon matsalarmu. Da zarar likita ya ce wa mutum yana da ciwon sukari, sai ya koma gida ya yi sallama da sukarin shayi, ya ɗauka ya gama. Alhali kuwa duk wani sitaci da ke cikin hatsi ko rogo ko doya, in ya shiga ciki narkewa yake yi ya zama gulukos, watau ainihin sukarin da ake aunawa a jini. Sitaci da sukari su ne masana ke haɗawa su kira kabohaidiret. Jikin mai lafiya yana da sinadarin insulin da ke shigar da gulukos cikin tsoka da sauran sassa. A jikin mai ciwon kuwa, ko dai insulin ɗin ya yi kaɗan, ko jikin ya daina jin umarninsa, sai gulukos ya taru a jini, a hankali yana ɓata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Rage sitaci ba sabuwar dabara ba ce. Tun a 1797 wani likitan sojan Birtaniya, John Rollo, ya rubuta yadda ya riƙa ciyar da majiyyacinsa nama da mai, ya rage masa hatsi. Da aka gano insulin a Toronto cikin 1921, sai hankali ya karkata wajen magani. A 2019 kuma Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta bayyana cewa, a cikin hanyoyin gyara abinci, rage yawan kabohaidiret shi ya fi samun hujjoji wajen sauko da sukarin jini. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne ƙasa da giram 130 a yini.

3.0 Matsayin Tuwo

To, bari mu ɗora wannan ma'auni a kan akushinmu. Gero, dawa, masara, shinkafa, alkama da acca, dukkansu in suna busassu, kowane giram 100 yana ɗauke da kabohaidiret tsakanin giram 65 zuwa 80. Ke nan malmalar da aka tuƙa da gari giram 100 tana da kimanin giram 70. Magidancin da ya tashi da irin wannan malmala biyu da dare ya riga ya zarce rabonsa na yini guda a zama ɗaya, ba a ma lissafa kokon safe da furar rana ba.

Wannan lissafi shi ke nuna raunin shawarar nan da ta zama ruwan dare, cewa mai ciwon sukari ya bar shinkafa ya koma tuwon alkama ko acca. Gaskiya ne hatsin da ba a surfe ba, wanda ke tare da dusarsa, ya fi jinkirin narkewa a kan farar shinkafa ko fulawa, kuma jinkirin yana da amfani. Amma alkamar da aka niƙa ta yi laushi, aka tuƙa, aka kwaso tuli guda, ba ta da wani bambanci mai yawa da tuwon masara. Mu a ganinmu cutar wannan shawara ta fi amfaninta, don kuwa tana sa mutum ya kashe kuɗi a kan hatsi mai tsada, sa'an nan ya saki jiki ya ci fiye da da. Haka batun yake ga mai musanya sukari da zuma: fiye da giram 80 cikin kowane giram 100 na zuma sukari ne. Busasshen dabino ma bai yi nisa da hakan ba.

Saboda haka gyaran yana ga yawan tuwon ne, da kuma dangantakarsa da miya. A al'adarmu tuwo shi ne abinci, miya kuwa 'yar rakiya ce, aikinta kawai ta sa loma ta wuce. Abin da muke ba da shawara shi ne a juya wannan tsari ga mai ciwon: a zuba masa miya mai kauri ta cika kwano, tuwo kuma ya zama ɗan rakiya, kamar dunƙulen hannunsa ko ƙasa da haka. Mun yi sa'a, domin miyoyinmu kusan duk sun dace. Kuka, kuɓewa, karkashi, lalo, alayyafo, yakuwa da zogale, sitacinsu kaɗan ne ƙwarai. Ɗanyar kuɓewa ba ta wuce kamar giram 7 cikin 100 ba, kabewar miyar taushe ma haka. Gyaɗar da ake kaɗawa a miya tana da kimanin giram 16, sauran mai ne da sinadarin gina jiki, shi ya sa take riƙe ciki. Sai dai miyar da aka tsinka da ruwa don ta ishi gida ba za ta ɗauki wannan nauyi ba. Lalle ne a ɗebi ta mai ciwon tun tana da kauri, a ƙara mata ganye da kifi ko nama ko awara. A kuma sassauta gishiri da dunƙulen ɗanɗano, a dogara ga daddawa, tun da hawan jini yakan zo tare da ciwon sukari.

Akwai kuma girke-girken da ba sa bukatar komai sai sauya awo. Dambu da fate, alal misali, tsaki da ganye ne. In aka ninka zogale ko rama aka rage tsakin, ɗanɗanon bai canza ba. Kwaɗon rama ko na zogale da ƙuli-ƙuli, wanda wasu ke raina shi a matsayin abin marmarin mata, a haƙiƙa ya fi kusan duk abin da ke kan teburin mai kuɗi dacewa da wannan tsari, muddin ba a barbaɗa masa sukari ko garin kwaki ba. Wake matsakaici ne: busasshensa yana da kabohaidiret wajen giram 60, amma yana narkewa a hankali, don haka alala da dafaffen wake sun halatta daidai gwargwado. Ɗanwake kuwa sunansa kawai ke yaudara, domin a yawancin gidaje garin rogo ko fulawa sun rinjayi waken.

Abin sha ya fi tuwo haɗari, saboda ruwa-ruwa ne, nan da nan yake shiga jini. Koko, kunun tsamiya, kunun zaƙi, zoɓo mai sukari, da lemon kwalba, wanda ƙaramar kwalbarsa ke da sukari fiye da giram 30, duk a sahu ɗaya suke. Karin kumallo da ƙwai da ganye, ko awara, ko ƙosai kaɗan da shayi maras sukari, ya fi. Nono tsurarsa ba laifi; furar ce ake ragewa.

4.0 Rumbu da Cefane

Ba za mu yi adalci ba in muka tsaya a kan kimiyya kaɗai. Tuwo ya yi yawa a akushinmu ne saboda hatsi yana rumbu ko cikin buhu, an saye shi tun da kaka, miya kuwa sai an fitar da kuɗin cefane kullum. Umurtar talaka da ya koma nama da ƙwai zancen banza ne. Amma awara da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi da ganyen bayan gida ba su fi ƙarfinsa ba. Har wa yau, a gidan da mata ke karɓar girki bi da bi, dole ne kowace mai girki ta fahimci tsarin, in ba haka ba mai gida zai yi kwana biyu a kan hanya, kwana biyu a kauce. In matar ce ke da ciwon, lamarin ya fi tsanani, don ita ce takan ci ragowar tuwo bayan naman miya ya ƙare. A nan ne muke ganin malaman da muke horarwa a kwalejojin ilmi suna da rawar takawa, musamman na fannin tattalin gida, waɗanda har yanzu ke koyar da hatsi a matsayin "abinci mai ba da ƙarfi" ba tare da sun ambaci iyakarsa ba.

5.0 Waɗanda Ya Kamata Su Yi Hattara

Wanda ke allurar insulin, ko yake shan ƙwayar gilibenkilamid da danginta, in ya rage tuwo bai rage magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da miligiram 70, ya kama rawar jiki da gumi, har ya suma. Tilas ne likita ya daidaita masa magani tun ranar da zai fara, balle a watan azumi. Mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda, da yaro mai nau'i na ɗaya, ba su shiga wannan tsari sai da kulawar asibiti. Haka kuma da yawa daga cikin masu ciwon a ƙasashenmu ramammu ne, ba masu ƙiba ba. Irin waɗannan in an rage musu hatsi sai a cike gurbin da gyaɗa da wake da mai, kada a mai da gyara ya zama horon yunwa.

Jikin kowa da yadda yake karɓar abinci, don haka na'urar awon sukari ta gida ita ce alƙali. A auna kafin cin abinci, a sake aunawa bayan awa biyu. Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne kada awo na biyu ya kai miligiram 180. In ya zarce, gobe a rage malmalar a ƙara miya, a sake gwadawa da irin tuwon nan dai, har a gane girman da jikin mutum zai ɗauka.