Kat-kat ɗin da ta koma ƙafa biyu: 'yan kasuwa a yi hattara

Duk mai cin kasuwannin ƙauyukan Madawa, Buza da Keita ya san tsofaffin Land Cruiser da Hilux masu jigilar buhunan albasa daga fadamun Tarka da Majiya. Sai dai wata suna kawai ya rage mata, an riga an cire mata kat-kat ɗin.

Yadda abin yake, idan kardan ɗin gaba ya cinye, watau sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun gaba, mota kan kama ƙara da karkarwa. Sabo na da tsada, don haka sai makanike ya kwance shi ya jefa bayan garaji. Wani ma har sandunan da ke juya ƙafafun yake zarewa. Mota ta ci gaba da tafiya da ƙafafun baya kaɗai, ƙara ta ɗauke, mai mota ya yi murna.

A kan kwaltar Madawa zuwa Ƙonni ba wanda zai gane. Asiri na tonuwa ne da damina, ranar da aka shiga yashin korama da lodi har sama. Nan ƙafafun baya za su yi ta haƙa rami, fasinja su sauka turi, tumatir na narkewa cikin kwando, albasa na shan ruwa, kasuwa kuwa ta watse kafin a iso. Asarar ta mai kaya ce, direba ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Saboda haka Hajiya, kafin a ɗora kayanki, sa yaro ya leƙa ƙarƙashin motar. In ba sanda tsakanin akwatin giya da ƙafafun gaba, a sake ciniki ko a jira wata motar.