Elmina: Garin Masunta a Gaɓar Tekun Gana

Elmina na kwance a bakin Tekun Atlantika, a Yankin Tsakiya na ƙasar Gana, 'yar tafiya kaɗan yamma da Kef Kos. Mutanen garin, waɗanda ke magana da harshen Fante, Edina suke ce masa. Tafkin Benya ya ratsa tsakiyarsa kafin ya faɗa teku, kuma bakin wannan tafki shi ne matsayar jiragen masunta tun kaka da kakanni.

Abin da ke kawo baƙi shi ne tsohon ginin da Turawan Fotugal suka kafa a 1482 domin cinikin zinariya. Holan ta ƙwace shi a 1637, Ingila ta karɓe shi a 1872. A tsawon ƙarnukan nan ɗakunansa na ƙasa sun zama kurkukun bayi, inda ake tsare mutane cikin duhu kafin a fitar da su ta wata ƙaramar ƙofa zuwa jirgi. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979. Jikokin bayin da aka kai Amurka na zuwa ziyara, wasu baƙin kuma su wuce otal-otal na bakin ruwa irin na Brenu, ko dajin Kakum.

Sai dai tukunyar garin ba da kuɗin baƙi take tafasa ba, da kifi ne. Da sassafe kwale-kwale ke shigowa ta ƙarƙashin gadar Benya, kowanne an sassaƙa gindinsa daga itacen wawa guda, an shafe shi da fenti kala-kala, tutoci na kaɗawa a kansa. Maza ke shiga teku, amma ciniki a hannun mata yake. Su ke yanke farashi, su yi bandar kifin a kan murhun Chorkor mai farantan waya jere bisa juna, sannan a ɗora shi a mota zuwa kasuwannin Kumasi da arewa. Sau da yawa ma mace ce ke biyan kuɗin man fita, a biya ta da kifi.

Kakar su tana kamawa daga Yuli zuwa Satumba. A lokacin ne ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙasan teku ɗauke da abinci, ƙananan kifaye irin su sadin su yi dafifi kusa da gaɓa. Ranar Talata ba a shiga teku, ranar ɗinkin raga ce. A Talatar farko ta Yuli ake bikin Bakatue, inda sarki ke buɗe tafkin bayan makonnin da aka hana su a cikinsa.

Wannan arziki yana ja da baya, kuma abin damuwa ne ƙwarai. Jirage sun yi yawa, wasu masunta na kunna fitila da dare don jawo kifi, wasu na amfani da raga mai ƙananan idanu da ba ta barin ko 'ya'ya. Mafi muni a shekarun baya shi ne saiko: manyan jiragen kamfanoni su kwashe kifin da ya kamata a bar wa ƙananan masunta, su daskarar da shi, su sayar wa kwale-kwale a tsakiyar teku, alhali doka ta haramta. Elmina ta kasance cikin wuraren da aka fi sauke irin wannan kaya. A 2019 gwamnati ta fara rufe teku na wata guda ga masu kwale-kwale domin kifi ya hayayyafa, matakin da ya riƙa barin gidaje da dama ba shigar kuɗi har a sake buɗewa.