Ilmin Gashin Ƙashi: Wace Ce Za Ta Bi Sawun Farfesa Sanya?

Duk wanda ya leƙa sashen gashin ƙashi na Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, wanda aka buɗe a 1999, zai tarar da mutanen da magani ya riga ya ceci ransu, amma saura su koyi tafiya da riƙe cokali kamar da. Akwai masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda hatsarin mota ya rutsa da su, da yaran da suka kasa zama ko rarrafe a kan lokaci. Aikin farfaɗo da gaɓoɓinsu ilmi ne na kimiyya, kuma ba ya ci gaba sai da bincike.

Wannan ilmi ya shigo Nijeriya a 1945, lokacin da wasu Turawan Ingila biyu suka fara aikin a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Ikko. A 1966 Jami'ar Badun ta soma ba da digiri a fannin, sa'an nan Doka ta 38 ta 1988 ta kafa hukumar da ke yi wa ma'aikatansa rajista. Duk da haka, sai a shekarar 2000 aka sami mace ta farko da ta kai matsayin farfesa a cikinsa, watau Arinola Sanya ta Jami'ar Badun, wadda ta riƙe muƙamin Kwamishinar Lafiya ta Jihar Oyo da na mataimakiyar shugaban jami'arta.

Hanyar kuwa doguwa ce. Bayan digiri na farko akwai shekara guda ta horo a asibiti, da ta bautar ƙasa, kana digiri na biyu da na uku, ga kuma wajibcin buga sakamakon bincike a mujallun masana. Shekarun nan su ne daidai lokacin aure da goyo, don haka mata da yawa sukan tsaya ga aikin asibiti kawai, su bar bincike ga maza.

To, ina asarar take? Aikin gashi na taɓa jiki ne, kuma a ƙasar Hausa mace takan fi sakin jiki da 'yar'uwarta mace. Wadda doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari da jan ƙafa ba za ta fayyace wa namiji dukkan damuwarta ba, abin da ba a ji ba kuwa ba ya shiga littafi. Har ila yau, ma'aunan da ake gwada ci gaban majinyaci da su yawanci a Turai aka tsara su. Masana na Jami'ar Bayero ta Kano sun fassara wasu zuwa Hausa, amma da sauran rina a kaba, domin ana bukatar ma'aunin da ya san daka da ɗaukar tulu da durƙuso gaban murhu.

Buƙatar ba ƙarama ba ce. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, amma waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan da ransu. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ba za ta yi aiki sosai ba sai an san yawansu da halin da suke ciki.

A Abuja ne asusun TETFund mai ba malaman jami'o'i kuɗin bincike yake, haka ma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Ya kamata su ware wa mata gurabe na musamman, jami'o'i kuma su daina lissafa hutun haihuwa a matsayin gazawa. Iyaye da mazaje su ma suna da nasu rabon, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.