Gubar Da Ke Ɓatar Da Ƙudan Zuma A Hanyar Gida

A wajajen shekarar 1994, masu kiwon zuma a ƙasar Faransa suka soma kawo wani kuka mai ban mamaki. Ƙudan zumansu na fita kiwo da safe, amma da yawa ba sa komowa, kuma babu gawa a bakin amya balle a ce ga abin da ya kashe su. Sai zargi ya faɗa kan Gaucho, wani sabon maganin ƙwari na kamfanin Bayer da ake cuɗa iri da shi kafin shuka. A 1999 gwamnatin ƙasar ta dakatar da amfani da shi a kan irin furen-rana, shukar nan da ake tatsar mai daga 'ya'yanta.

Shi wannan magani yana cikin jinsin da masana ke kira neonikotinoid, watau dangin nikotin na ganyen taba. A jikin ƙwaro, saƙo yakan tsallaka daga wannan jijiya zuwa waccan ta hanyar wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda da zarar ya isar da saƙo sai jiki ya rushe shi. Gubar takan zauna daidai mazaunin wannan sinadari, jiki kuwa ba ya iya ture ta da sauri. Idan ta yi yawa, sai makyarkyata, sai shanyewa, sai mutuwa. Idan kuwa 'yar kaɗan ce, ƙwaron zai tashi sama lafiya lau, illa dai sashen ƙwaƙwalwarsa mai koyon ƙanshi da riƙe hanya ya rikice. Ga ƙudan zuma, wanda kan yi tafiyar kilomitoci ya dawo ta hanyar lura da rana da alamun ƙasa, wannan ba ƙaramar masifa ba ce.

A 2012 Mickaël Henry da abokan aikinsa a Abinyon ta Faransa suka manna wa ƙudan zuma fiye da 600 'yan na'urori a gadon baya, masu nuna shiga da fitarsu. Aka shayar da wasu ruwan sukari mai ɗauke da tiyametoksam, shi ma ɗan wannan dangi, abin da bai kai kashi biyu bisa miliyan dubu na giram ba, sannan aka sake su nesa da amya. Waɗanda suka sha sun ninka sauran wajen ɓacewa sau biyu zuwa uku. Gaskiya ne, a 2015 shi Henry ɗin ya nuna cewa amya mai ƙarfi takan ƙyanƙyashe ƙarin ma'aikata ta cike gurbi, shi ya sa gardama ta daɗe. Amma a shekarar nan dai, masana a Jami'ar Niwkasil ta Ingila suka gano abin da ya fi tayar mini da hankali: ƙudan zuma ba ya jin ɗanɗanon gubar, har ma ya fi son ruwan sukarin da aka sa ta, tamkar mashayin taba. A 2018 Tarayyar Turai ta haramta uku daga cikin waɗannan magunguna a gonakin fili.

Mai karatu kada ya ɗauka zancen Turai ne kawai. Ƙunshin hodar nan Apron Star da manomanmu ke cuɗa gero da dawa da wake da ita, akwai tiyametoksam a ciki, kuma ba a musun amfaninta wajen tsare tsiro. Sai dai gwajin da aka daɗe ana dogara da shi kafin a ba magani lasisi, gawa yake ƙirgawa, ɓatacce kuwa ba ya barin gawa a ɗakin gwaji. Malaman gona sukan ce a yi feshi da yamma bayan zuma ta koma amya, shawara ce mai kyau. Amma maganin da aka cuɗa da iri yana bin ruwan jikin shuka ne tun daga saiwa, kuma ɓurɓushinsa kan kai har cikin furen da ƙudan zuma zai sauka a kai da hantsi.