Ƙarfe Nawa Ya Kamata Ɗan Makaranta Ya Kwanta?

 Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son karantawa.

Yau maganar barci za mu yi, barcin yara 'yan makaranta. Na san wani zai ce, duk matsalolin da suka yi mana katutu a Arewa, sai barci? To ɗan yi haƙuri ka ji. Kullum muna kuka a kan lalacewar ilimi: ba malamai, ba kujeru, yara sun yi wa aji yawa. Duk gaskiya ne, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma akwai abu guda da yake hannunmu, ba ya jiran kasafin kuɗi ko sa hannun kwamishina, shi ne lokacin da yaro yake kwanciya. Ko ka kawo malamin da ya fi kowa iya koyarwa, in yaron da ke gabansa bai ƙoshi da barci ba, zuba ruwa a kwando kawai ake yi. Kuma cikinmu wasu sun fara tara iyali, wasu yayye ne a gida, wasu suna koyarwa a firamare ko Islamiyya. Kun ga maganar tamu ce.

Mu fara da adadi. A shekarar 2016 Cibiyar Nazarin Lafiyar Barci ta Amurka ta tara masana, suka duba binciken da aka yi a kan barcin yara, suka fitar da ma'auni, Ƙungiyar Likitocin Yara ta ƙasar ita ma ta amince da shi. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a cikin awa 24, har da barcin rana. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12. Matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma, awa 8 zuwa 10.

Wannan buƙata ce ta jiki, ba ruwanta da ƙasar da aka haifi yaro. Abin da ya bambanta tsakaninmu da su shi ne lokacin tashi. Shi ya sa nake cewa lokacin kwanciya lissafa shi ake yi, kuma lissafin daga safe yake farawa ya dawo baya.

A yawancin gidajenmu asuba ce take tashin gida. A wuri kamar Kano, alfijir yana ketowa wajen ƙarfe biyar, ya ɗan yi sama ko ƙasa gwargwadon lokacin shekara. Mu ce ana tashin yara 5:30. A yi salla, wasu su tafi makarantar allo ko hadda ta safe, a yi wanka, a karya, a kama hanyar boko kafin a tare latti. To yanzu ɗauki biro:

Ɗan shekara 7 da zai tashi 5:30, in kana son ya samu awa 10, ya kamata a ce 7:30 na dare ya riga ya yi barci.

Ɗan shekara 11 da zai tashi 5:30, in zai samu mafi ƙarancin abin da ake nema, wato awa 9, to 8:30 ne iyakarsa.

Ɗan sakandare mai shekara 15, in zai samu awa 8 kacal, to 9:30.

Ku lura fa, lokacin da barci ya ɗauke shi nake faɗa. Daga kwanciya zuwa barci akan ɗauki minti 15 zuwa 20, don haka sai a ƙara wannan a lissafi. In kuma a gidanku ana barin ƙanana su kai ƙarfe 6 ko 6:30, sai ka matsar da lissafin daidai da haka. A taƙaice dai, ga ɗan firamare a irin gidajenmu, da an idar da sallar isha'i, wajen ƙarfe takwas, shimfiɗa ce ta rage masa. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun muna yara malamai suke karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son hira bayan isha'i.

Yanzu ka kwatanta da abin da yake faruwa. Yaron da ya kwanta ƙarfe 11 ya tashi 5:30 awa shida da rabi ya samu. In ɗan shekara 10 ne, kullum ana cin bashin jikinsa aƙalla awa biyu da rabi. Daga Litinin zuwa Juma'a ya haura awa 12, wato ya fi barcin dare guda cur da aka ƙwace masa a mako.

To me wannan bashin yake jawowa? Abu uku zan ambata.

Na farko, karatu. Abin da yaro ya koya da rana ba nan take yake zama daram a ƙwaƙwalwa ba. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take sake bi ta kansa, ta tace shi, ta adana shi inda zai daɗe. Shi ya sa za ka ga yaro ya biya hadda da dare tana tangal-tangal, da safe ta zauna masa. In aka yanke barcin, an yanke wannan aikin kenan. Ga kuma raguwar natsuwa a aji: malam yana bayani, ido a buɗe, hankali ba ya wurin.

Na biyu, girma da lafiya. Sinadarin da ke sa jiki ya girma ya kuma gyara kansa an fi sakinsa a lokacin barci mai nauyi, musamman a farkon dare. Garkuwar jiki ma tana raunana in ƙarancin barci ya zama jiki.

Na uku, hali, kuma a nan ne aka fi zaluntar yara. Mu manya in barci bai ishe mu ba sai hamma da kasala. Yaro sau da yawa akasin haka yake yi: ƙiriniya, rashin zama wuri ɗaya, saurin kuka, faɗa da ƙanne, gardama a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai a ce ba ya ji, a ce daƙiƙi ne, bulala ta yi ta aiki. Wani yaron da ake duka saboda gyangyaɗi a aji, laifinsa kawai shi ne gidansu ba a kashe talabijin sai sha ɗaya. Kuma yaron da aka daɗe ana kiransa daƙiƙi, wata rana zai yarda, ya tsani makarantar gaba ɗaya.

Sai tambaya ta gaba: me yake hana su barcin? Akwai wani sinadari da ake kira melatonin, ƙwaƙwalwa tana sakinsa in duhu ya yi, shi ne yake sanar da jiki cewa dare ya yi. Haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta fitarsa. Hasken waya a kusa da ido yana cikin wannan, amma abin da ke cikin wayar ya fi hasken illa: bidiyon TikTok ba ya ƙarewa, gem kuma kullum akwai mataki na gaba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin 'yan firamare ba su da waya. Wayar wa suke riƙewa? Ta Yaya ce, ta Anti ce, ta Umma ce. Mu ne muke miƙa musu don su ƙyale mu mu huta.

Bayan waya akwai fim mai dogon zango da gida duka ake zama a kalla, musamman ranar da aka kawo wuta da dare, kowa yana jin asara ce a kwanta a bar ta. Akwai shayi da lemon kola da lemukan ƙara kuzari, duk suna ɗauke da kafeyin, wanda ko a jikin babba bayan kamar awa biyar kusan rabinsa yana nan. Yaron da aka ba shayi mai kauri da magariba, kada a yi mamaki in ƙarfe goma idonsa biyu. Akwai kuma tuwon dare da ba a saukewa sai tara, da aike bayan isha'i: je ka sayo maganin sauro, je ka karɓo caji.

'Yan sakandare su kuma tasu matsalar daban ce. Da balaga ta zo, agogon jikinsu yana matsawa baya, barci ba ya zuwa musu da wuri kamar da, wani lokaci bambancin yakan kai awa biyu. Halitta ce, ba taurin kai ba ne kawai. Saboda haka ne a 2014 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar kada sakandare ta fara darasi kafin 8:30, jihar Kaliforniya kuma ta mayar da abin doka a 2019 ga manyan sakandare, dokar ta fara aiki a 2022. Su safiyar suka matsar. Mu ba za mu matsar da asuba ba, don haka ƙofar da ta rage mana ita ce dare. Matashin da jikinsa dama yake jinkirta barci, in ka haɗa masa da waya a ƙarƙashin filo, ka gama da shi.

To yaya za a gyara? Ga abin da nake ganin kowane gida zai iya gwadawa.

Kada a yi juyin mulki dare ɗaya. Yaron da ya saba sha ɗaya, in ka kwantar da shi takwas juyi kawai zai yi ta yi. A riƙa jawo lokacin da minti 15 duk bayan kwana biyu ko uku har a kai inda ake so. Sannu ba ta hana zuwa.

A tsara dare iri ɗaya kullum: abinci, wanka ko wanke ƙafa, salla, goge baki, shirya jaka da yunifom, addu'ar barci, a kashe fitila. In jerin nan ya maimaitu, jiki da kansa zai gane abin da ke biyo baya. In da hali a dawo da tatsuniya, ta fi bidiyo kwantar da hankali nesa ba kusa ba.

A karɓe waya awa guda kafin kwanciya, kuma kada ta kwana inda yara suke.

Aikin da aka ba su daga makaranta a yi shi da rana ko kafin magariba. In lesin da Islamiyyar dare da jinga sun taru sun cinye daren, to lissafin nan zai nuna maka dole a rage wani abu. A zauna da malaman a yi magana, su ma yaro mai natsuwa suke so.

Asabar da Lahadi kada bambancin ya wuce awa guda, in ba haka ba ranar Litinin sai an fara daga farko.

In akwai tazara tsakanin tashi daga boko da tafiya Islamiyya, ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana taimakawa. Amma barcin yamma liƙis yana korar na dare.

Na san wani zai ce, kai kana magana kamar kowa yana da ɗakin yara. Mu ɗaki ɗaya ne, ga zafin Afrilu, ga sauro, ga janaretan maƙwabci, Baba kuma ba ya dawowa daga kasuwa sai tara. Gaskiya ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ko a ɗaki ɗaya ana iya rage haske, a rage murya, a sa labule, manya su koma tsakar gida da hirarsu. Ana iya ba yara nasu abincin da wuri ba sai sun jira Baba ba. Ana iya watsa musu ruwa kafin su kwanta lokacin zafi, a ɗaura gidan sauro, wanda dama kariya ce daga maleriya. Ko minti 30 aka ƙara wa yaro kullum, a mako ya samu awa uku da rabi.

Kuma kada mu manta da waɗanda lissafin ya fi cuta. Yarinyar da take talla har goma na dare, ita ce kuma za a fara tasa da asuba ta yi shara da wanke-wanke, 'yan'uwanta maza suna kwance. Gobe in ta faɗi jarrabawa a ce dama boko ba nata ba ne. Haka almajirin da yake yawon neman abincin dare, ya kwana a zaure ko bakin shago, a tashe shi tun duhu. Jikinsu awa taran nan yake nema kamar na kowane yaro.

Ta yaya za ka san ka dace da lokacin? Yaro zai tashi da kira ɗaya ko biyu, ba sai an yayyafa masa ruwa ba. Ba zai riƙa barci a adaidaita a hanyar makaranta ba. Ranar hutu ba zai zarce da awanni yana rama bashi ba. In kuwa ana ba shi isasshen lokaci amma kullum a gajiye yake, ko yana minshari mai ƙarfi, ko numfashinsa yana ɗaukewa a cikin barci, to a kai shi asibiti likita ya duba shi.

Ga aikin da zan ba mu yau. Ka zaɓi yaro ɗaya a gidanku, ka rubuta shekarunsa, da lokacin da yake tashi, da lokacin da barci yake ɗaukarsa da gaske. Ka yi lissafin, ka nuna wa Umma da Baba cikin ladabi. Sannan ka fara da kanka, domin ba yadda za a yi ka ce wa ƙaninka ya kwanta kai kana gefensa kana dariya da waya. Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Ku faɗa mana, ƙarfe nawa yara suke kwanciya a gidanku, kuma me ya fi hana su? Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.