Uhura: Yadda jarumar talabijin da masoyanta suka buɗe wa mata ƙofar sararin samaniya

A ranar 17 ga Satumba, 1976, jama'a sun yi cincirindo a garin Palmdale da ke Jihar Kalifoniya domin ganin sabon kumbon da Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, NASA, ta ƙera. Sunan da hukumar ta shirya raɗa masa shi ne Constitution, amma da aka jawo shi fili sai aka ga Enterprise a rubuce a jikinsa. Sunan wani kumbo ne na ƙagaggen labari, wanda bai taɓa tashi ba sai a akwatin talabijin.

Masoyan shirin Star Trek ne suka yi ta aika wasiƙu Fadar White House har Shugaba Gerald Ford ya amince a sauya sunan. Cikin manyan baƙin da aka gayyata ranar akwai Nichelle Nichols, baƙar fatar da ta fito a matsayin Laftana Uhura a shirin. A lokacin NASA ba ta taɓa ɗaukar mace ko guda a matsayin 'yar sama jannati ba, kuma babu baƙar fata ko ɗaya a cikin waɗanda ta tura sararin samaniya. Cikin ƙasa da shekara biyu lamarin ya sauya, kuma da hannun wannan mata a ciki.

Kujerar da ba a saba gani ba

An fara nuna Star Trek a tashar NBC ranar 8 ga Satumba, 1966. Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiro shi, labarin ma'aikatan wani kumbo da ke keta sararin samaniya ɗaruruwan shekaru nan gaba. Uhura ce jami'ar sadarwa, 'yar Afirka mai jin Suwahili, kuma an samo sunanta daga kalmar uhuru, wato 'yanci a harshen.

A Amurkar wancan zamani, da wuya a ga baƙar mace a talabijin in ba a matsayin 'yar aiki ko mai raino ba. Sai ga wata zaune a ɗakin sarrafa kumbo, sanye da kayan sarki, tana da muƙami, ana sauraron ta idan ta yi magana. Shekara biyu kacal ke nan da kafa dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren taruwar jama'a.

Ita kanta Nichols ba ta gamsu ba. Mawaƙiya ce da ta yi aiki da ƙungiyar Duke Ellington, kuma ta sha kokawa kan yadda ake zaftare kalamanta a rubutun shirin. Bayan zangon farko ta shaida wa Roddenberry cewa za ta tafi. Kamar yadda ta sha bayar da labari, a ƙarshen makon nan ne ta haɗu da Martin Luther King a wani taron ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP. Ya gaya mata cewa wannan ne shirin da shi da matarsa ke barin 'ya'yansu su yi dare suna kallo, kuma idan ta bar kujerar, ana iya cike gurbin da kowa, ƙofar da ta buɗe ta sake rufewa. Ta janye maganar tafiya.

Masu kallo da suka ƙi zama 'yan kallo

Shirin bai samu yawan masu kallon da tashar ke buƙata ba. Da aka fara raɗe-raɗin za a dakatar da shi bayan zango na biyu, wata mata mai suna Bjo Trimble da mijinta John suka shirya gangamin rubuta wasiƙu. Babu intanet a lokacin, sai ambulan da kan sarki. Wasiƙu suka yi ta kwarara ofishin NBC, ɗalibai kuma suka yi maci zuwa harabar tashar a Burbank a farkon 1968. Tashar ta ba da kai, aka yi zango na uku.

Wannan zango ne ya kai shirin kashi 79 kafin a rufe shi a 1969, adadin da ya isa ƙananan tashoshi su saya su riƙa maimaitawa kusan kullum. A maimaicin ne shirin ya yi farin jinin da bai samu ba tun farko. Mata ne a gaba wajen riƙe wutar: su suka fi buga ƙananan mujallun masoya da kuɗin aljihunsu, suna rubuta sabbin labarai da taurarin shirin, kuma suna cikin waɗanda suka shirya babban taron masoya a Niyok a watan Janairun 1972, inda aka yi tsammanin 'yan ɗaruruwa amma mutum kusan 3,000 suka hallara.

Dokar da ba ta ambaci mata ba

Matsalar NASA ta samo asali ne daga sharaɗin ɗaukar aiki. A zaɓen farko a 1959 aka tsayar cewa 'yan sama jannati za su fito ne daga cikin sojojin da ke gwajin sabbin jiragen yaƙi. Takardar ba ta ce an hana mata ba, amma tunda soja ba ya ba mata wannan aiki, sharaɗin shi kaɗai ya wadatar. Tarayyar Sobiyet ta tura Valentina Tereshkova a 1963, Amurka kuwa ta ci gaba da zaɓen maza zalla.

Sabon kumbon ya zo da sabon gurbi na masana kimiyya da injiniyoyi da likitoci, waɗanda ba sai sun iya tuƙi ba. A 1976 hukumar ta fitar da sanarwa tana ƙarfafa wa mata da tsirarun jinsuna gwiwa su nema. Takardun da suka iso daga gare su kaɗan ne, domin wanda aka daɗe ana rufe wa ƙofa ba ya saurin yarda cewa an buɗe ta.

Nichols ta fito fili ta soki hukumar a wani jawabi, sai hukumar ta gayyace ta ta taimaka. A 1977 aka ba kamfaninta, Women in Motion, kwangilar 'yan watanni. Ta ce ta gindaya sharaɗi: idan ta kawo ƙwararrun mutane aka sake zaɓen fararen maza zalla, za ta kai ƙara kotu. Daga nan ta shiga zagaye jami'o'i da tarukan injiniyoyi da gidajen talabijin, tana cewa a wannan karo da gaske ake.

Da aka rufe karɓar takardu, masu nema sun haura 8,000, mata sama da 1,500 a cikinsu. A watan Janairun 1978 aka sanar da mutum 35 da suka yi nasara: mata shida, baƙar fata maza uku, da Ba'amurke ɗan asalin Japan guda. Ba dukkansu ne suka ji kiran daga bakinta ba. Sally Ride, alal misali, a jaridar ɗaliban Jami'ar Stanford ta ga sanarwar. Ita ce Ba'amurkiya ta farko da ta je sararin samaniya a watan Yunin 1983, sai Guion Bluford, baƙar fatar Amurka na farko, a watan Agustan shekarar.

Lamarin bai rasa ɗaci ba. Judith Resnik da Ronald McNair da Ellison Onizuka, waɗanda ke cikin wannan rukuni, suna cikin mutum bakwai da suka mutu lokacin da kumbon Challenger ya tarwatse ranar 28 ga Janairu, 1986. McNair ne ya matsa wa wani soja baƙar fata, Charles Bolden, ya nemi aikin. Bolden ya zama shugaban hukumar a 2009.

Yarinyar da ta ga kanta a allo

Mae Jemison tana yarinya a Chicago lokacin da ake nuna shirin, kuma ta sha faɗin cewa ganin Uhura na cikin abubuwan da suka tabbatar mata akwai gurbinta. Ta karanta injiniyanci da likitanci, ta yi aikin likita a Saliyo da Laberiya, sannan NASA ta ɗauke ta a 1987. Ranar 12 ga Satumba, 1992, ta tashi a kumbon Endeavour, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya. Shekara guda bayan haka aka gayyace ta ta fito a sabon zubin Star Trek, Nichols kuma ta je wurin ɗaukar shirin ta gan ta.

Ga duk wanda aikinsa ya shafi tsara sanarwar guraben aiki ko tantance takardun masu nema, labarin na da abin dubawa. Tsawon shekaru sharaɗi guda ya tankaɗe rabin al'umma ba tare da ya ambace su ba. Da aka gyara shi ma, sanarwa kaɗai ba ta kawo mutane ba, sai da aka samu wadda suka yarda da ita ta je inda suke ta kira su.

Nichelle Nichols ta rasu ranar 30 ga Yuli, 2022, tana da shekara 89. Wata takwas bayan haka, NASA ta sanar da mutum huɗu da ta zaɓa domin tafiyar Artemis ta biyu mai kewaya wata. A cikinsu akwai mace, Christina Koch, da baƙar fata, Victor Glover.