Idan Silin Ya Sha Ruwa

Agusta ta shigo, marka ta kankama, kuma a gidaje da dama an wayi gari da tabo ruwan ƙasa a jikin silin, ko an kwana ana tara bokiti a tsakar ɗaki. A kan wannan shirinmu na yau zai tsaya.

Kafin komai, a kashe wutar gidan daga babban makunni. Wayoyin ƙwan fitila da na fanka duk a saman silin suke kwance, ruwa da lantarki kuwa ba sa ga maciji. In silin ya yi ciki ya lanƙwaso, ruwa ne ya taru a samansa. A fitar da yara, a janye katifa, a sa bokiti, sannan a huda tsakiyar cikin da ƙusa ya tsiyaye. Kowace lita ta ruwa kilo guda ce, saboda haka lita 20 kilo 20 ke nan rataye a kan mutum yana barci.

Sai neman inda yoyon yake, kuma nan ne ake yawan ɓata kuɗi. Ruwa ba lallai ya ɗiga a ƙarƙashin hudar da ya shigo ba. Yakan bi jikin katako ya yi tafiya, ya je can wani wuri ya sauka. Kafintan da ya san aikinsa zai leƙa cikin rufin da rana tsaka, ya duba inda haske ke ratso kwano: ƙusar da ta yi tsatsa ta saki, mahaɗar kwano biyu, ko indararon da ganye da leda suka toshe har ruwa ya koma da baya. A gidan bene kuma a duba bututun banɗakin sama.

An toshe? To, haƙuri. A cire allon da ya jiƙa, a buɗe tagogi, a kawo fanka ta ƙasa, a bar iska ta ratsa katakon. Hunhuna takan fara fitowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu a wuri mai laima, kuma tana tayar wa masu asma da ƙananan yara ciwon ƙirji. Katakon da aka rufe da danshinsa zai ruɓe, ya kuma gayyato gara. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne maigidan da zai ce a shafa fenti kawai don baƙi na tafe. Tabon zai sake hudowa, ɓarnar kuma tana ci a ɓoye.

Silin roba a goge shi a mayar. Na filasta da ya yi laushi yana marmashewa, sai a yanke wurin a zuba sabo. Tsohon allon asbestos kuwa, don Allah kada a sa masa zarto ko a kankare shi a bushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙurarsa na jawo kansar huhu. A yayyafa masa ruwa, a rufe hanci, a cire shi ɗungurungum.

Bayan wuri ya bushe sarai, a fara shafa fentin mai a kan tabon, ya sha iska, sannan a bi da na ruwa. Masu ɗakin soro kuma, ku ƙwanƙwasa azara ku ji; wadda ta yi kukan fanko a canja ta kafin a sake yaɓe.